Kankare, dalma ko barait: me za a saya don katange ɗakin hoton eksire?

Tashoshin lantarki na nukiliya suna tsare haskoki masu cutarwa ne da shinge bayan shinge, tun daga bututun da ke ɗauke da makamashin, zuwa tukunyar ƙarfe mai kauri, har zuwa ginin kankaren da kaurinsa kan kai mita 1 ko fiye. Mai shirin buɗe ɗakin hoto a asibitinsa a Sakkwato ba ya bukatar ko kusa da haka, amma ƙa'idar ɗaya ce: gwargwadon nauyin abu da kaurinsa, gwargwadon hasken da zai tare.

Ga wanda zai fara gini daga tushe, kankare ya fi dacewa, musamman da yake a nan Kalambaina ake yin siminti. Bango mai kaurin kusan santimita 15 yana tare kimanin abin da fallen dalma mai milimita 2 ke tarewa a hoton yau da kullum. Sai dai bulo mai rami, wanda aka saba gini da shi, ba ya cikin wannan lissafi sai an cike ramukansa dam, kuma gurbin da magini ya bari cikin gaggawa ba ya ganuwa bayan an yi filasta.

Dalma ta fi tsada, amma ita ce mafita a gidan haya ko ginin da aka riga aka gama, kuma ƙofa dole sai da ita. Matsalarta tana mahaɗa: wajibi ne falle ya hau kan falle, a kuma rufe kan kowace ƙusa da dalma. Wanda ya tuna gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai bar ɓarɓashinta a tsakar gida ba.

Filastar barait, ma'adinin da ake haƙa a Azara ta jihar Nasarawa, tana da amfani, amma ingancinta ya dogara da hannun mai kwaɓi, kuma a zafin Sakkwato takan tsage idan ba a riƙa yi mata ban-ruwa ba.

Kafin a biya ko kwabo, a nemi masanin haskoki ya lissafa kaurin bisa ƙarfin na'urar da kuma waɗanda ke zama a bayan bangon, domin hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya (NNRA), wadda dokar 1995 ta tanada, ita ke ba da lasisin aiki. Gilashin tagar mai ɗaukar hoto kuwa, a karɓi takardar da ke nuna milimita nawa na dalma yake daidai da shi.