Garejin da ya ɗaga min Prado a Mushin: aikin ƙarƙashin mota ya yi, na wayar lantarki kuma sai a hankali

Tun da na fara ajiye motar nan a ƙofar gida a Agege mutane ke tare ni da tambaya, Alhaji ina aka yi maka aikin nan, nawa ka kashe, shin in na kai tawa za su yi min haka. To ga amsar gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa bayan kowace sallar Isha'i. Sunan garejin kam ba zan faɗa ba saboda akwai inda suka ɓata min rai kuma ba na son in zama sanadin abincin wani, amma yana nan wajajen Mushin, ba nisa da kasuwar Ladipo, wanda ya san unguwar zai gane.

Motar Prado ce ƙirar 120, ta 2007, mai injin V6 lita 4.0, tokunbo na saye ta shekarun baya kuma ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba in ban da shan mai. Abin da ya kai ni ga wannan rigima shi ne yara. Yarana huɗu duk a Legas aka haife su, ba su san komai ba sai go-sulo da ƙarar janareto, in an yi hutu sai waya da talabijin, ni kuwa na tashi a inda muke kwana a gona lokacin girbi muna gasa masara. Sai na ce bari in gyara motar mu riƙa fita ƙarshen mako, mu kwana a bakin teku can bayan Eleko ko mu leƙa dajin Omo a jihar Ogun. Uwargida ta ce Abban Ummi kai dai ka faɗi gaskiya wasan yara kake so ka saya wa kanka, kuma wallahi akwai ƙamshin gaskiya a maganarta.

Ranar da na je, mai garejin wani dattijo ne Bayarabe, bai ko tsaya sauraron jerin abubuwan da na rubuto daga YouTube ba, ya ce a ɗora ta a rami tukuna. Ya shiga ƙarƙashi da tocila da wani ƙarfe yana bubbugawa yana girgiza taya, ya fito ya ce Alhaji kafin a yi maganar ɗagawa bushin ɗinka na gaba sun mutu, bol-joyin na ƙasa ɗaya yana wasa, in na ɗora maka sabon sifirin a kan wannan kuɗinka ka zubar. Nan ya fara burge ni gaskiya, don wani da ya karɓi kuɗi ya ɗaura kawai. Muka shiga Ladipo da yaronsa, wani ɗan Zariya mai shiru-shiru da ya daɗe a hannunsa, shi ya riƙa yi min tafinta da 'yan kasuwa yana raɗa min Baba wannan na kanti ne, wancan fenti kawai aka yi masa, kar ka taɓa.

Shokozoba da sifirin na Old Man Emu muka saka, kayan kamfanin ARB ne na Ostireliya, ɗagawar inci 2 wato kusan milimita 50. Ni inci 3 na so saboda yadda nake ganin motocin Turawa a bidiyo, ya ce a'a, gaban Prado ba aksil ɗaya ba ne kamar tsohuwar Land Cruiser, kowace taya da nata hannun, in ka wuce inci 2 shaf ɗin gaba zai karkace da yawa robarsa ta riƙa yagewa, ka dawo kana zagina. Ya kuma tambaye ni nauyin da zan riƙa ɗauka a baya, don sifirin ɗin kala-kala ne, akwai na matsakaicin kaya akwai na kaya mai nauyi, in ka saka mai ƙarfi alhali motar fanko take yawo kullum to ƙugunka zai gaya maka a kowane rami. Matsakaici muka ɗauka. Wata takwas ke nan, ba ƙara ba yoyon mai, motar ta daina wannan lilon da take yi in na taka birki, kuma a daminar da ta wuce ruwan da ya tsayar da ƙananan motoci a hanyar Lekki zuwa Epe na bi shi a hankali na wuce. A ɓangaren nan dai ban da abin cewa sai godiya.

Taya kuma BFGoodrich KO2 na saka, girman da motar ta zo da shi, 265/65R17, ban ƙara ba. Nan ma yaron nan ɗan Zariya ya cece ni. Wani ɗan kasuwa ya fito mana da guda biyar suna sheƙi, ga arha, har na fara lissafin turawa, yaron ya durƙusa ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, ashe tayar ta shekara shida a sito an shafa mata mai kawai. Muka bar ta muka ƙara kuɗi muka sayi sabuwar bugawa. Ku riƙe wannan ko ba daji za ku ba. Aibin tayar ɗaya ne, tana da gurnani, in na hau gadar Third Mainland da daddare ba go-sulo sai ka ji kamar jirgi na tashi a ƙarƙashinka, kuma ta fi ta da nauyi don haka mai ya ƙaru.

Yanzu bari in zo inda muka ɓata.

Na ce a saka min batir na biyu a baya don firij na mota da fitilun sansani da cajin waya. Dattijon ba ya aikin wayar lantarki, sai ya kira wani mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, da ke raɓe a garejin, matashi mai surutu, komai ka ce sai ya ce ba matsala Oga. Ya yi aikin cikin yini ɗaya, ya naɗe komai da baƙin salatif tsaf, na biya na tafi. Fitarmu ta farko muka nufi wani bakin teku gaba da Eleko, muka wuce tirelolin da ke zirga-zirga wajen matatar Dangote, muka shiga yashi wajen la'asar, muka kafa tanti, uwargida ta ɗora taliya a ƙaramar tukunyar gas, yara sai guje-guje suke suna kamo ƙananan ƙaguwa, firij na ta aiki lemo ya yi sanyi ƙarara, ni kuwa ina zaune a tabarma ina jin kaina wani sarki. Da asuba bayan mun yi salla na ce bari in tada mota in matsar da ita don ruwa ya fara matsowa, na murɗa makulli sai ƙas ƙas ƙas, ko fitilar dashbod da ƙyar take kamawa. Ashe bawan Allahn nan waya kawai ya ja daga batirin gaba zuwa na baya ya haɗe su, babu na'urar da ke raba su in an kashe inji, firij ya kwana yana zuƙar duka biyun. Motar otomatik ce ba a tura ta ta tashi, ko da ma ana turawa wa zai tura tan biyu da wani abu a cikin yashi. Uwargida ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, kuma da ta yi magana da ya fi min sauƙi. Sai da na taka kusan rabin awa zuwa ƙauyen masunta na samo wani mai tsohuwar Hilux ya zo ya ba mu wuta, na sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Da na koma garejin na buɗe salatif ɗin a gaban dattijon, sai ga abin da ya fi mutuwar batir muni, ko fiyus babu a kan wayar, kuma ta bi ta wani ramin ƙarfe ba roba, ta fara gogewa. Da ta huje ta taɓa bodi wuta ce za ta tashi, da yara a ciki. Ranar na yi faɗa sosai ban ɓoye ba. Shi kam bai yi gardama ba, ya ba ni haƙuri, ya kira wani mai riwayar daban, aka sake jan waya mai kauri cikin bututun roba, fiyus kusa da kowane batir, aka saka aisoleta mai haɗa su in inji na caji ya raba su in an kashe. Kuɗin aiki bai karɓa ba amma kayan ni na saya, kuma har yau ina ganin tun farko bai kamata ya miƙa ni hannun wancan yaron ba tunda a inuwarsa yake aiki. Alaimen ma, wato saita tayoyi, sai da na tuna musu, bayan an ɗaga mota dole a sake shi, su kuwa sun miƙo min makulli haka nan sitiyari na ja gefe.

Akwai kuma kuɗin da na zubar da hannuna wanda ba laifin kowa ba ne. Tantin saman mota. Kai, abin nan a hoto ba a magana, ka buɗe shi ka jingina tsani yara na ihu. Amma nauyinsa ya kai na babban mutum kuma a can ƙololuwa yake zaune, a kwana sai ka ji motar na son kwantawa, a babban titi iska na dukansa allurar mai na sauka kana kallo, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai V6 ya san abin da nake nufi. Mu shida ne, tantin mutum biyu da ƙaramin yaro yake ɗauka, dole dai sai an kafa na ƙasa. Autanmu cikin dare sai ya ce fitsari, ka sauko da shi ta tsani cikin duhu da yashi a ƙafa. In kuma an manta gishiri ana so a je ƙauye sai an naɗe tantin gaba ɗaya kafin mota ta motsa. Ga masu tsayar da mota a hanya kowa sai ya tambayi me ke cikin akwatin nan. Ƙofar gidanmu ma sai da aka yanke ƙarfen sama kafin ta shiga. Bambar ƙarfe ta gaba da winci, injin nan mai janyo mota in ta maƙale, kuwa dattijon ne ya hana ni, ya ce Alhaji saniya nawa ka taɓa bugewa tsakanin Agege da Oshodi, na yi dariya na haƙura, kuma na gode masa yanzu.

Abin da ya fi yi min amfani a duk kayan nan ƙaramin kwamfireso ne mai maƙalawa a batir da gejin auna iska, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba. A yashi in ka bar iskar titi motar haƙa rami take yi ta zauna, amma ka sauke zuwa wajen 18 psi sai tayar ta baje ta riƙa tafiya a sama kamar raƙumi, ka kulle dif ɗin tsakiya don tayoyin gaba da na baya su riƙa juyawa tare, in wurin ya yi laushi sosai ka tsaya cak ka sa giya a N ka shiga ƙaramar giya, kar ka yanki kwana da ƙarfi don tayar na iya fita daga rim. In ka fito kwalta ka mayar da iskarka kafin ka yi gudu. Sai shebur, da igiyar ja mai kyau da ake ɗaurawa a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a ƙwallon jan tirela ba, wannan in ya ɓalle kisa yake yi. Kuma duk ranar da aka dawo daga teku kai tsaye wajen wanki a wanke ƙarƙashi da ruwa mai ƙarfi, gishiri ba ya wasa da ƙarfe.

Dajin Omo mun je sau ɗaya da rani, ta hanyar Sagamu muka wuce Ijebu-Ode muka shiga ta wani yanki da ake kira J4, da ɗan jagora, kuma da rana tsaka muka shiga muka fito don ba na tafiyar dare da iyali a hanyoyin nan. Hanyar jar ƙasa ce da manyan motocin katako suka farfashe, a nan ne na ga amfanin inci biyun nan, inda da can cikin motar zai daki ƙasa yanzu wucewa take. Dajin akwai giwaye amma mu dai ba mu ga ko ɗaya ba, yara sun ga birai sun ga bishiyoyin da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, kuma har yau maganar suke. Kujerun layi na uku na cire ɗaya na bar ɗaya, wani kafinta a Agege ya yi min akwatin katako mai durowa biyu a gurbin, tukwane da gidan sauro da buta da jarkar ruwa duk suna da mazauni.

To wanda ya tambaye ni ko ya kai tasa, in aikin ƙasa ne, sifirin da shokozoba da bushin da birki, ka kai hankalinka kwance, dattijon ya san hannunsa kuma ba ya tura maka abin da ba ka buƙata, sai dai ba ya sauri, ya ce min kwana huɗu motar ta yi tara. In aikin waya ne ka zo da naka mutumin ko ka tsaya a kansa ka ga fiyus da idonka kafin a naɗe, kuma kar ka karɓi makulli sai an yi alaimen. Tantin saman kuma na sauke shi yana nan a jingine a bayan gida an rufa masa tamfol, sau uku kacal aka kwana a ciki, tsaninsa ma ko ƙwarzane babu, in akwai mai so ya same ni bayan Isha'i mu daidaita.