Garin masu ciwon suga na wata Hajiya a Wudil: gari mai kyau, takarda mai ruɗi

Shagon ƙarami ne, kusa da kasuwar Wudil, kuma ranar Juma'a ya fi cika. Garin tuwo Hajiyar take sayarwa: na acca, na alkama, da wani haɗi na dawa da waken soya, sai busasshen zogale a leda. Tun da aka ce ina da suga, a wurinta iyalina suke saye, in mun shigo daga ƙauyenmu ta hanyar Gaya.

Garinta ba shi da tsakuwa. Duk wanda ya taɓa cin acca ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don wanke ta sai mai haƙuri. Alkamar da dusarta ake niƙawa, tuwon ya fito da duhu-duhu, malmala ɗaya da miyar kuka ta riƙe ni har la'asar. Awonta cikakke ne. Tsada kam akwai, musamman acca da ake kawowa daga Filato, ba kowane manomi zai jure ta kullum ba.

Abin da ke damuna takardar da ke manne a ledar ce, wadda aka rubuta wai garin yana warkar da suga har abada. Na ce mata, "Hajiya, wannan magana ta yi nauyi." Ta ce, "Malam, ai kai ma shaida ne, an rage maka magani." Gaskiya ta faɗa, an rage, daga baya ma likita ya tsayar da metformin, ƙwayar maganin sugar da nake sha. Amma ba sirrin gari ba ne. Na bar lemon kwalba da shayi mai suga, na rage fura, na raba tuwona biyu, na cika kwano da kwaɗon zogale da rama, damina kuma ta same ni a gona. Teɓa ta zube. Alkama ita ma tana ɗaga suga in aka cika ciki da ita, na'urar gwajina ta nuna min haka da idona.

Ɗana da ke aikin jinya ya karanto min binciken da Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, wanda aka buga a 2017. An ɗora masu ƙiba, waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, a kan abinci kaɗan ƙwarai na wasu watanni. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba magani, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Dalili shi ne kitsen da ya taru a hanta da gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yana narkewa, sai su koma aiki. A shekara ta biyu adadin ya sauka zuwa kashi 36, a ta biyar kuwa, cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya, kashi 13 ne kacal. Nauyi in ya dawo, ciwon yakan biyo shi. Shi ya sa likitoci suke cewa ya lafa, ba sa cewa ya warke.

Ni ma da rani ya yi, aikin gona ya tsaya, ga bukukuwa ga naman salla, sai awon sugana na safe, kafin in sa komai a baki, ya fara haura 126, lambar da daga ita ake cewa ciwon suga ne. Yanzu ina kan ƙwaya ɗaya.

Wanda nake tsoro wa shi ne irin maƙwabcina, dattijo siriri mai shekaru da ciwon, ba shi da kitsen da zai zubar. Ya ga takardar nan ya so ya ajiye allurarsa, sai da 'ya'yansa suka tsaya masa. Irin wannan ganganci kan kai ga lalacewar ido, ƙoda, ko gyambon ƙafa.

Zan ci gaba da sayen garin Hajiya, ina kuma tura mutane wurinta. Na roƙe ta ta canja rubutun, ta ce sai ledojin da ta buga sun ƙare. Kafin nan, duk wanda ya saya ya riƙa zuwa awo asibiti, kada ya taɓa maganinsa sai likita ya ce.