Asibitin dabbobin da na kai ɗan magenmu a Ikeja

Wata biyu kenan da maigida ya shigo mana da ɗan mage daga wajen wani abokinsa a Mile 12 nan Legas, ɗan ƙarami ne sosai lokacin, ko sati 6 bai cika ba. Da farko abin sha'awa, yara sun samu abokin wasa, amma da ya fara girma sai cizo da yakushi, autata mai shekara 4 in tana wucewa sai ya laɓe bayan kujera ya daka tsalle ya kama mata ƙafa. Ranar da ya fasa mata yatsa har jini ya fito, Inna ta ce a sa shi a buhu a kai kasuwar Agege a sake shi, ni kuma wallahi raina bai so ba, dabba ce da Allah ya ɗora mana amanarta.

Shi ne na ɗauke shi a kwali muka shiga keke zuwa wani asibitin dabbobi a Ikeja. Wurin tsaf yake, ba wari, sai dai mun yi jira kusan awa biyu kuma karnuka da kyanwoyi duk a ɗaki ɗaya ake zama, magen nan har rawar jiki yake a cikin kwali. Wannan kam ya kamata su gyara.

Amma likitar, Bayarabiya ce mai haƙuri, ta biya ni. Kafin ma ta taɓa shi tambayarta ta farko ita ce da me yara suke wasa da shi, na ce da hannu mana, sai ta ce to madam ku kuka koya masa cewa yatsa abin farauta ne. Ta ce an raba shi da uwarsa da wuri, a cikin 'yan uwansa ne ɗan mage ke koyon rage ƙarfin cizo, shi ya sa ake so ya kai sati 8 zuwa 12 tukunna. Ga shi kuma yana canjin haƙori, daga wata 3 zuwa 6 dasashinsa na masa ƙaiƙayi. Ta zaunar da autata ta nuna mata alamun, in ya kwantar da kunnuwa baya, wutsiya na bugun ƙasa, baƙin idonsa ya buɗe, a bar shi kawai. In ya kama hannu kar a fizge kar a doke shi, duka tsoro yake ƙara masa, a tsaya cak har ya saki a tashi a bar wajen.

Ta yi masa allurar haukan kare, ta rage masa farce, ta ce mu dawo a yi masa fiɗiya. Ta kuma ja min kunne cewa duk cizon da ya fasa fata a wanke da sabulu a ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi asibiti, don haƙorin mage siriri ne yana tura ƙwayar cuta can ciki. Ni da na shafa man zafi kawai, jikina ya yi sanyi, daga nan asibiti na wuce da yarinyar.

A shagon asibitin dabbobin na sayi sandar wasa mai gashin tsuntsu a baki, ta yi tsada gaskiya, kara da zare da tsumma ma za su yi. Safe da yamma yayan autata ke gajiyar da shi da ita kamar minti 10 kafin a ba shi abinci. Bai daina gaba ɗaya ba, jiya ma ya kai wa zanen Inna cafka, amma sati uku kenan ba wanda ya yi jini a gidan. Can zan mayar da shi fiɗiyar, sai dai wannan karon da sassafe zan fita kafin layi ya taru.