QEMU da KVM: kaya mai kyau, amma sai an rage masa tarkace

Ga mai son raba sabar ɗaya zuwa kwamfutoci baƙi da yawa (wato kwamfutocin kwaikwayo da ke gudana a cikinta) ba tare da kuɗin lasisi ba, QEMU da KVM sun cancanci yabo. KVM yana cikin Linux tun 2007, shi ke barin baƙo ya yi aiki kai tsaye a kan furosesa. QEMU kuwa shi ke kwaikwayon na'urori: faifai, katin sadarwa, USB. Wajen sauri babu ƙorafi, musamman in an yi amfani da virtio, wato na'urorin da aka ƙera musamman don baƙi maimakon kwaikwayon na gaske.

Raunin yana wajen tsofaffin na'urorin da QEMU ke ɗauke da su, an rubuta su da harshen C, kuma kowaccensu ƙofa ce tsakanin baƙo da mai masauki, wato sabar da ke ɗauke da shi. Kuskuren tsaro da ake kira VENOM, mai lamba CVE-2015-3456, wanda Jason Geffner na kamfanin tsaro CrowdStrike ya gano aka bayyana a watan Mayun 2015, shi ya fito da wannan fili. Na'urar floppy ta kwaikwayo tana da ma'ajiya mai bayit 512, baƙo yana tura mata umarni ta ƙofar 0x3F5. Bayan yawancin umarni ana mayar da ma'aunin rubutu farko, amma wasu, irin su FD_CMD_READ_ID, ba sa yin haka. Sai baƙo ya yi ta zuba bayanai har su malala su taka ƙwaƙwalwar QEMU ta ɓangaren mai masauki. Ƙaramar illa ita ce baƙon ya faɗi, babba kuma maharin ya tsallako ya gudanar da umarninsa a kan sabar. Sai maharin yana da ikon root, wato cikakken iko, a cikin baƙon, amma ai duk wanda ya yi hayar VPS, wato baƙon da ake ba da haya, yana da shi. Kuskuren yana nan tun 2004, kuma cire faifan floppy daga saiti bai kashe na'urar ba. Ya shafi takwarorinsa Xen da VirtualBox ma. VMware da Hyper-V sun tsira.

Facin gyaran kuskuren ya fito da wuri, wannan abin yabo ne. Sai dai a nan mutane ke tuntuɓe: sabunta kunshin QEMU bai isa ba, sake kunna baƙo daga ciki ma bai isa ba, domin tsohon QEMU ne ke ci gaba da gudana. Dole a kashe baƙon gaba ɗaya da umarnin virsh shutdown sannan a tayar da shi da virsh start, ko a kwashe baƙon yana aiki zuwa sabar da aka gyara. Don tabbatarwa, a duba /proc/PID/exe, inda PID ke nufin lambar aikin QEMU da ke gudana. In ya nuna deleted, tsohon ne.

Muna ba da shawarar QEMU da KVM, amma da sharaɗi: a zaɓi samfurin injin QEMU mai suna q35 wanda ba ya saka floppy da kansa, a cire duk na'urar da ba a buƙata, kada QEMU ya gudana a matsayin root, kuma a bar kariyar Linux ta SELinux ko AppArmor a kunne. Mai ba baƙin da bai sani ba haya don ƙananan ayyuka, ya duba Firecracker na Amazon, an rubuta shi da Rust, na'urorinsa 'yan kaɗan ne.