Crusader Kings III: Wasan da Ranar Mutuwar Sarki Ta Fi Ranar Yaƙi Wuya

Wanda ya sayi wannan wasan kwamfuta don ya ga dawaki na sukuwa da takubba na walƙiya zai yi da-na-sanin kuɗinsa. Yaƙi a cikinsa 'yan alamomi ne da ke tafiya a kan taswira, su haɗu, lissafi ya raba gardama. Armashinsa yana cikin gida: 'ya'yan sarki, ƙannensa, matansa da hakimansa, kowa da abin da yake ƙullawa kafin mai gari ya rufe ido.

Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi ranar 1 ga Satumba, 2020, ya kuma kai shi PlayStation 5 da Xbox Series a 2022. Ana farawa daga shekarar 867 ko 1066, an ƙara 1178 a 2024, wasan kuma yana ƙarewa a 1453. Ba ƙasa kake riƙe da ita ba, mutum ɗaya ne. In ya mutu ka koma magajinsa, da duk halin da Allah ya yi shi, ko jarumi ko rago. In zuriyar ta yanke, wasa ya tashi.

Wurin da ya fi dacewa a ga abin da wasan ya iya shi ne arewacin Sifen a 1066. A tarihi, Sarki Fernando na Farko ya mutu a 1065 ya raba ƙasarsa uku: Sancho ya ɗauki Kastil, Alfonso ya ɗauki Leon, Garsiya ya ɗauki Galisiya. Ba a jima ba aka kori Garsiya. Sancho ya ci Alfonso da yaƙi a 1072, Alfonso ya gudu Toledo wurin sarkinta Musulmi. A cikin shekarar aka kashe Sancho yana kewaye da garin Zamora, Alfonso ya dawo ya haɗa duka, ya kulle Garsiya har ya mutu a 1090. Wasan yana ajiye ka bayan rabon, kafin sauran duk su faru, ka zaɓi ɗaya cikin ukun. Kowanensu yana da haƙƙin neman sarautar ɗan'uwansa, kuma dokokin wasan da kansu suke tunkuɗa su zuwa ga juna, ba tare da an rubuta musu labari ba.

Tushen rikicin shi ne dokar gado. Sarautu hawa-hawa ne: gunduma, lardi, masarauta, daula. A farkon wasa kusan kowa yana ƙarƙashin rabon gado, wato sarautun mamaci a kasa su tsakanin 'ya'yansa. Magaji na farko yana samun babbar sarauta da babban birni da baitulmali. In babbar sarautarka ɗaya ce tak, ƙanne za su samu lardi ko gunduma amma su zauna ƙarƙashin yayansu. In masarautu biyu ke hannunka kuma 'ya'ya biyu ne, ta biyun ta ɓalle ke nan, ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Mafi tsananin nau'in rabon, wanda sarakunan ƙabila ba su da mafita daga gare shi, har ƙirƙiro sarauta yake yi. Ka ci fiye da rabin ƙasar wata masarauta, ka ƙi naɗa kanka don wayo, ranar mutuwarka wasan zai naɗa ƙaramin ɗanka a kanta. Nan ne sababbin 'yan wasa suka fi kuka: shekara arba'in ana tara ƙasa, dare ɗaya ta dare gida uku. Gadon ɗan fari shi kaɗai ba ya samuwa sai bayan 1200, sai kuma al'ummarka ta kai ga wannan ilimi kuma ikon sarauta ya yi ƙarfi.

Akwai dabaru, kowace da farashinta. Mafi tsabta ita ce ka ci sabuwar ƙasa ka ba ƙananan 'ya'ya tun kana raye, domin ana lissafa ta cikin rabonsu, gundumomin da ke kewaye da babban birni su tsira ga magaji. Shugaban zuriya yana iya cire ɗa daga gado, amma yana cin martabar gidan, wadda tara ta ke da wuya. Wasu suna tura ɗan da ba sa so gaban yaƙi da 'yan dakaru kaɗan. Kashe ɗan'uwa a ɓoye yana buƙatar masu hannu a ciki, in asiri ya tonu kuma tambarin mai kisan dangi ya manne maka har kabari. Sarki Musulmi yana iya auren mata huɗu, abin da ke kawo ƙawance huɗu da kuma 'ya'ya maza da yawa masu jiran rabo. Riba da hasara a tukunya ɗaya.

Bayan jana'iza sai aikin gaske. Sabon sarki yana hawa da baƙin jinin sabunta, hakimai ba su saba da shi ba, sai su fara haɗa ƙungiya: masu son ɓallewa, masu son a rage ikon sarauta, da masu son ɗora wani ɗan sarki. In ƙarfin sojansu ya kai kashi 80 cikin ɗari na naka, fushinsu zai fara taruwa, in ya cika su aiko da wa'adi: ka sauka ko a gwabza. Lambar nan ta 80 ita ce abin dubawa kullum, domin ana iya sauko da ita ta fuska biyu. Ko ka ƙara naka ƙarfin da sojan haya, shi ya sa tsohon sarki mai hankali ke daina gine-gine ya bar wa magaji zinariya. Ko ka zare manyan cikinsu. Hakimin da ka ƙulla ƙawance da shi ta hanyar aure ba ya shiga ƙungiya, haka wanda ka riƙe masa babban asiri, haka wanda ke kurkuku. Manyan hakimai suna sa ran kujera a majalisa, wadda ta ƙunshi waziri, ma'aji, madawaki, shugaban leƙen asiri da malamin fada. Wanda aka hana yana rage maka ƙauna da maki 40. Ga tarkon: ka ba maƙiyinka kujerar leƙen asiri don ka lallashe shi, ka miƙa wa kura ajiyar nama, domin shi ne ya kamata ya gano masu shirin kashe ka. A ba shi ma'aji ko waziri, ko da bai iya ba.

Kame hakimi ba tare da laifi ba zalunci ne a lissafin wasan, kuma duk sauran za su ƙullace ka. A bar shi ya yi tawaye, a ci shi, sannan a ƙwace sarautarsa babu mai cewa uffan. In aka kama jagoran abokan gaba a fagen fama, yaƙin ya ƙare nan take.

Abin da zai ja hankalin Bahaushe shi ne Daurama ta Daura tana cikin mutanen da wasan da kansa yake ba da shawarar a fara da su a 867, tare da mijinta Bayajidda, da Bori a matsayin addinin ƙasa. Har lambar yabo aka ware wa wanda ya fara da ita ya gyara addinin gargajiya ya yaɗa shi a duk Afirka ta taswirar. Daɗin ganin Daura da Kano da Katsina a wasa irin wannan ba kaɗan ba ne. Sai dai shekarar zaɓin masu wasan ce, labarin Bayajidda na baka ne. Kuma rigar ta Turai ce aka sa wa Daura. Sarautar Hausa da aka sani ba a yanka ta kamar gona: 'yan sarki su yi takara, masu zaɓen sarki su tsayar da ɗaya, sauran su samu sarautu ko su yi hijira su dawo da yaƙi. Irin ƙarfin da majalisa kamar Tara ta Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa take da shi, ko na manyan bayin sarki, wasan bai kama shi ba. Abubuwan da wasan ke kawowa a yankin ma ba su kai yawan na Turai ba, bayan ƙarni ɗaya za a fara ganin maimaici.

Sauran aibobin sanannu ne. Sojojin ƙawaye sukan yi ta yawo lokacin da ake buƙatarsu. Wanda ya gane dabarun gado, daga ƙarni na biyu wasan ya yi masa sauƙi, kwamfutar kuma tana nauyi yayin da mutane ke ƙaruwa. Babu Hausa, babu Larabci, rubutun Turanci ne mai yawa, ko da yake kowace kalma mai wuya in ka ɗora mata linzamin kwamfuta tana buɗe bayaninta. Ba ya aiki a waya. Lokacin fitowarsa kamfanin ya nemi aƙalla gigabait 6 na ƙwaƙwalwa (RAM), ya kuma ba da shawarar 8. Ana sauke shi ta Steam, dandalin sayar da wasanni a intanet, bayan nan ba ya buƙatar intanet sai in da wasu za a buga. Ba na yara ba ne: akwai zina da kisa da azabtarwa, akwai kuma tsiraici, wanda ake kashewa a wurin saiti.

Farashinsa na asali dala 50 ne, kuma ƙare-ƙaren da ake sayarwa daban, irin su Royal Court da Roads to Power, in aka haɗa su sun fi uwar tsada. Duk abin da aka bayyana a sama yana cikin uwar wasan. A jira lokacin rangwame a saye ta ita kaɗai, a fara da darasin koyo na ƙasar Ayalan (Ireland) a 1066, sai an ga gado ya wuce hannu biyu lafiya sannan a taɓa Daura, domin can sarautar ƙabila ce, rabon ya fi tsanani kuma da martabar sarki ake ɗaukar dakaru, ba da zinariya ba.