Abin da jami'a ta rubuta da abin da ya shiga asusuna

Tun da na iso Amurka, tambayar da ƙannena na gida suka fi yi mini ita ce nawa ake ba ni a wata. Har yau babu wanda ya tambaye ni nawa ke isowa hannuna, alhali nan ne maganar take.

Takardar da jami'a ta aiko mini ta ce tallafin karatuna dala 2,000 ne duk wata. A kan wannan adadi na yi lissafin haya da cefane, har na ware abin da zan riƙa aika wa Inna. Ƙarshen watan farko na duba asusu, sai na ga dala 1,720. Na ɗauka kuskure ne, na nufi ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi. Matar da na tarar ta saurare ni da fara'a, sannan ta ce ba a ba su izinin ba da shawara kan haraji ba, ta miƙo mini wata takarda. Haka aikin ofis yake a nan: ba za a wulaƙanta ka ba, ba za a ce ka dawo gobe ba, amma kowa na gudun ya faɗi kalmar da za a kama shi da ita.

Ga yadda abin yake. Tun gyaran dokar haraji na 1986, Amurka ta raba tallafin karatu gida biyu. Abin da ya tafi kuɗin makaranta da littattafan da darasi ya wajabta, babu haraji a kansa. Abin da aka ba ka don ɗaki da abinci da tafiye-tafiye kuwa, hukumar harajin Amurka, wato IRS, tana ɗaukarsa kuɗin shiga ne. Ɗalibi baƙo mai bizar karatu ta F ko J, tun kafin kuɗin ya taɓa hannunsa jami'a ke cire kashi 14 cikin ɗari. Dala 280 ɗina ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abokin karatuna ɗan Sin, teburinmu ɗaya, tallafinmu ɗaya, amma shi nasa cif yake zuwa. Ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka wadda ta yafe wa ɗalibai wannan. Najeriya da Nijar da Gana ba su da ita. A nahiyarmu kaf, Masar da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Kudu ne suka ƙulla yarjejeniyar haraji da Amurka.

Sai kuma cike takardu, wanda a nan kowa shi ke yi wa kansa. Cikin watan Maris jami'a ke aiko da fom 1042-S mai nuna abin da aka cire, kai kuma ka cike 1040-NR, fom ɗin harajin baƙi. Akwai kuma fom 8843, wanda ko sisin kwabo ba ka samu ba sai ka aika. Wanda ya karɓi albashi, kamar mai taya malami koyarwa, wa'adinsa 15 ga Afrilu. Mai tallafi zalla yana da har 15 ga Yuni. Kada ka bi Amurkawan ajinku ka shiga manhajar cike haraji ta TurboTax, ba don baƙi aka yi ta ba, jami'o'i da yawa manhajar Sprintax suke tura mu. Na cike nawa, kuma Alhamdulillahi an mayar mini da wani abu, domin matakan harajin ƙasa-ƙasa kashi 10 ne da 12, abin da aka cire ya zarce haka.

Wani tarkon yana gaba. Bayan shekara biyar ana daina lissafa ka a baƙo ta fuskar haraji, kuma shekarar da ka zo, ko a Agusta ka sauka, cikakkiya ake ƙirga ta. Daga nan sai a daina cire maka komai, ka ga kuɗi ya ƙaru ka yi murna, ashe kai ne za ka riƙa biya da kanka sau huɗu a shekara.

Waɗanda suka tafi Ingila sun huta da wannan, tallafin digiri na uku irin na UKRI, hukumar tallafa wa bincike ta Birtaniya, ba a taɓa shi. Kanada ma ta yafe wa ɗalibi mai cikakken karatu. Jamus ce ke da fuska biyu: mai tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, ba ya biya, amma wanda jami'a ta ɗauka da kwantiragin aiki yana biyan haraji kamar kowane ma'aikaci. Sai dai shi ana zuba masa kuɗin fansho, an kuma haɗa masa inshorar lafiya, don haka ni ban ga ya yi asara ba.

Wata ƙanwarmu ta turo mini takardun tallafin karatu biyu makon jiya, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Ingila, ta Amurkar ta fi kauri a ido. Na ce ta rubuta wa jami'ar Amurkar ta tambaya ko adadin kafin haraji ne, ko tallafi ne ko ladan koyarwa, da kuma ko jihar tana karɓar nata harajin daban, tunda irin su Tekzas da Fulorida ba sa karɓa. Amsarsu muke jira.