Bitar wani kamfanin ba da shawara ga masu neman gurbin karatun likitancin haƙori a Amurka alhali makinsu na da rauni

Ni na biya kuɗin, ƙanwata ce ta sha wahalar karatun, saboda haka abin da zan faɗa game da wannan kamfani magana ce ta wanda ya zauna a gefe yana kallo har kusan shekara biyu, ya ga inda kuɗinsa ya yi rana, ya kuma ga inda ya tafi a banza. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansa, kuma irinsa suna da yawa a intanet, aikinsu kusan iri ɗaya ne: suna haɗa ɗalibi da mai ba da shawara wanda ya san yadda makarantun likitancin haƙori suke tantance masu neman gurbi, su riƙa ganawa ta bidiyo, a duba takardu, a tsara jerin makarantu, a gyara rubutu, a kuma yi gwajin intabiyu.

Ƙanwata ta gama digirin farko a fannin bayoloji a wata jami'ar Amurka da sakamakon da ba ya burge kowa. Shekarunta biyu na farko sun zo daidai da jinyar mahaifiyarmu, tana aikin dare tana shiga aji da safe, har ta faɗi kwas ɗin oganik kemistiri ta sake shi. A 2022 ta nemi gurbi ita kaɗai, ba tare da shawarar kowa ba, ta tura takardunta a watan Oktoba zuwa makarantu takwas, kuma ko ɗaya ba ta kira ta intabiyu ba. Bayan wannan ne, a farkon 2023, muka nemi kamfanin.

Zaman farko shi ne ya fi kowane zama daraja, kuma da shi kaɗai na saya da ban yi asara ba. Matar da aka haɗa mu da ita ta buƙaci a tura mata takardar sakamako tun kafin ranar, ta zo da jadawalin da ta jera kowane kwas da makinsa da nauyinsa, zango bayan zango. A nan ne muka fahimci abin da ya ɗaure wa ƙanwata kai tun bara, wato dalilin da ya sa jami'arta ta rubuta mata matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0, amma makarantun suka ga 2.9. Mafi yawan makarantun likitancin haƙori na Amurka suna karɓar takardu ne ta wata kafa guda mai suna AADSAS, wadda ADEA, ƙungiyar makarantun likitancin haƙori, take gudanarwa, kuma wannan kafa tana sake lissafin maki da nata ma'auni. Jami'a tana iya yafe wa ɗalibi kwas ɗin da ya faɗi idan ya sake shi, ta ɗora sabon maki a kan tsohon, amma AADSAS ba ta yafewa, duka biyun take ƙirgawa. Bugu da ƙari, tana ware makin bayoloji da kemistiri da fiziks ta fitar da matsakaicinsu daban, kuma a wannan ɓangare ƙanwata 2.7 take da shi, alhali waɗanda ake ɗauka galibi matsakaicin makinsu na gaba ɗaya ya kai 3.5 ko ya haura.

Daga nan matar ta yi wani lissafi a gabanmu wanda har yau ban manta da shi ba. Ƙanwata tana da kiredit 120, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ta yi, a kan maki 2.9. Idan ta koma aji ta ƙara kiredit 30, wanda karatun shekara guda ne cur, kuma ta ci kowane kwas da maki mafi girma, matsakaicin zai tashi ne zuwa 3.12 kacal. Ɗakin ya yi tsit. Ƙanwata ta juyo ta ce mini, "Yaya, ke nan ko na kashe kaina ba zan kamo su ba." Matar ba ta rarrashe ta da maganar banza ba. Ta tabbatar mata cewa ba za ta kamo su ba, kuma ba kamo su ne manufar ba, domin kafar tana nuna wa makarantu makin kowace shekara daban, ta kuma nuna na karatun bayan digiri a layinsa, saboda haka abin da ake so shi ne mai duba takarda ya ga layi na ƙarshe ya sha bamban da na farko, ya gamsu cewa yarinyar da ta faɗi kemistiri tana shekara goma sha tara ba ita ce take neman gurbi yau ba. Sannan ta ce kada mu tura takarda a wannan shekara ko kaɗan. Na ji zafin wannan magana, domin ni na zo ne da tunanin za a gyara mana rubutu mu sake jarraba sa'a nan da wata huɗu, amma kamfanin da zai iya karɓar kuɗina nan take ya ce in dakata shekara guda ya cancanci a faɗi alherinsa.

Shawara ta biyu da ta yi amfani ita ce zaɓi tsakanin hanyoyi biyu na gyaran maki. Akwai digirin mastas na shekara ɗaya ko biyu a fannin kimiyyar lafiya wanda wasu jami'o'i suka tsara musamman domin masu irin wannan matsala, akwai kuma komawa a ɗauki manyan kwasa-kwasan digirin farko bayan an riga an gama. Ni na fi karkata ga mastas, saboda ina ganin aƙalla za ta fito da takardar shaida a hannu. Matar ta nuna mana cewa makin mastas layinsa daban ne, ba ya taɓa matsakaicin digirin farko, kuma wasu makarantu suna da ƙaramin maki da suke sa rai kafin su karanta sauran takardu, don haka mai 2.7 a kimiyya ya fi buƙatar ya ɗaga wannan adadi tukuna. Ta kuma gargaɗe mu cewa mastas ɗin yana da tsada, kuma wanda ya shiga ya fito da maki tsaka-tsaki ya rufe wa kansa ƙofar da take a buɗe. Ƙanwata ta yi rajista a jami'ar jiharmu, ta ɗauki bayokemistiri, da ilimin aikin gaɓoɓin jiki, da ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, da ilimin tsarin jikin ɗan Adam, da wasu makamantansu, ta gama kiredit 30 da maki 3.8. Matsakaicinta na gaba ɗaya ya koma 3.08, adadin da ba shi da wani kwarjini, amma layin ƙarshe na takardarta ya yi kyau ƙwarai.

Game da DAT, jarrabawar shiga makarantun likitancin haƙori, wadda Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka take shiryawa, ya kamata mai saye ya sani cewa kamfanin ba ya koyarwa, jadawalin karatu kawai yake tsarawa, littattafai da manhajar gwaji kuwa kai za ka saya daban. Jarrabawar tana da tambayoyi 280: ɗari a kan bayoloji da kemistiri iri biyu cikin minti 90, casa'in a kan gane siffofi da ido cikin awa guda, hamsin a kan fahimtar rubutu, arba'in a kan lissafi. Babu fiziks a cikinta. Ɓangaren siffofin nan shi ne ya kayar da ƙanwata a karon farko, domin ba abu ne da ake haddacewa ba: za a nuna maka takarda an ninke ta an huda, a ce ka faɗi inda ramukan za su fito idan an warware ta, ko a jera kusurwoyi huɗu masu kama da juna a ce ka tsara su daga ƙarama zuwa babba. Shawarar matar a nan gajeriya ce, minti ashirin kullum har tsawon wata huɗu, ba awa biyar a ranar hutu ba, kuma na sha tarar da ƙanwata da asuba tana ninke takarda tana huda ta da bakin biro tana ɗagawa a gaban fitila. Ta kuma hana ta zama jarrabawar har sai makin gwajinta ya tsaya wuri ɗaya sau uku a jere, saboda makarantu suna ganin sakamakon zaman da aka yi a baya, kuma wanda ya zauna sai ya jira kwana 60 kafin ya sake. Makinta ya tashi daga 17 zuwa 21 a tsohon ma'auni na 1 zuwa 30. Mai karatu ya lura cewa tun daga watan Maris na 2025 an koma ma'aunin 200 zuwa 600, don haka waɗannan lambobi ba su ne zai gani a takardarsa ba.

Abin da ban zaci zai yi tasiri ba shi ne nacin da matar ta yi cewa ƙanwata ta bar aikin da take yi ta nemi aiki a asibitin haƙori, ko da albashin bai kai na da ba. Makarantu da yawa suna son mai nema ya yi kimanin awa 100 yana bin likita yana kallon aikinsa, amma ita ta ce mai raunin maki kallo kaɗai bai ishe shi ba. Ƙanwata ta samu aikin taimaka wa wani likita, tana wanke kayan aiki tana sa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, tana riƙe bututun tsotse ruwa a bakin majiyyaci, tana lallashin yaran da suka ga allura suka fara kuka. Bayan shekara guda likitan ya rubuta mata wasiƙar shaida ta wanda ya ga hannunta a kan aiki, malaman sababbin kwasa-kwasanta biyu su ma suka rubuta nasu.

Sai kuma inda kamfanin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. A watan Mayu na 2024, daidai lokacin da kafar take buɗewa, aka sauya mana mai ba da shawara ba tare da an sanar da mu ba, aka haɗa mu da wani saurayi wanda da alama ko fayil ɗin ƙanwata bai karanta ba. Wannan lokaci kuwa shi ne mafi tsada a duk shekarar, domin ana fara tura takardu ne a farkon Yuni, makarantu kuma suna duba su ne bi da bi yadda suka iso, suna raba kujerun intabiyu tun kafin wa'adi ya cika, wanda shi ne kuskuren da ƙanwata ta yi da ta jira har Oktoba a karon farko. Saƙon da a da ake amsawa cikin yini guda ya koma sai an yi kwana biyar. Shi wannan saurayi ne ya gyara mata rubutun bayanin kai, wanda ba a yarda ya wuce haruffa 4,500 ba, ya dawo da shi sumul amma babu ita a cikinsa. Ya cire labarin jinyar mahaifiyarmu gaba ɗaya, ya cika shi da jimlolin son taimakon al'umma waɗanda kowane mai nema zai iya sa hannu a ƙarƙashinsu. Ƙanwata ta koma kan nata rubutun, ta rage shi, ta bar jimla uku kacal a kan shekarun da ta yi rauni, ba tare da neman tausayi ba, sauran kuma ta cika shi da abin da ta gani a asibiti. Kuɗin gyaran rubutun nan shi ne kaso mafi girma a abin da na biya, kuma shi ne ya fi tafiya a banza.

Haka nan ban ji daɗin yadda sashen tallansu yake matsa mana da saƙonni ba, kullum ana kwaɗaita mana wani ƙarin tsari mai tsada. A shafinsu sun rubuta wani babban adadi na waɗanda suka ce sun samu gurbi ta hannunsu, na tambaya sau biyu ko an ƙirga har da irin ƙanwata masu maki ƙasa da 3.0, ba a ba ni amsa ba. Jerin makarantun da suka tsara mana yana da ma'ana, domin sun fifita makarantar jiharmu, kasancewar makarantun gwamnatin jiha suna fifita 'yan jiharsu, sun haɗa da masu zaman kansu waɗanda ba ruwansu da jihar mutum, sun kuma cire na Tekzas, waɗanda na gwamnati a cikinsu suke da tasu kafar daban mai suna TMDSAS, kuma mafi yawan kujerunsu na mazauna jihar ne. Sai dai duk wannan bayani yana cikin jagorar makarantu da ADEA take fitarwa, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma mai haƙurin zama da ita kwana biyu zai fitar da jeri irin wannan da kansa.

Bayan na kai ƙara ne aka dawo mana da matar farko domin gwajin intabiyu, kuma a nan ma ta nuna ta san aikinta. Ta yi wa ƙanwata tambayar faɗuwar kemistiri ta fuska huɗu daban-daban, har sai da ta iya amsawa cikin minti guda, muryarta ba ta rawa, ba ta ɗora wa kowa laifi, ta faɗi abin da ya faru da abin da ta sauya a yadda take karatu. An yi mata wannan tambaya a intabiyu biyu daga cikin ukun da aka kira ta, cikin makarantu goma sha biyu da ta nema. Da aka fara sakin sakamako a tsakiyar Disamba babu sunanta, an dai sa ta a jerin masu jira a makaranta ɗaya, kuma daga wannan jeri aka ba ta gurbi a watan Afrilun 2025.

Wanda makinsa da jarrabawarsa suka riga suka yi kyau ba ya buƙatar wannan kamfani, kuma wanda har yanzu yake jami'a ya fara zuwa ofishin ba da shawara ga masu niyyar karatun lafiya, domin jami'o'in Amurka da yawa suna da shi, kyauta ne, wasu ma suna karɓar tsofaffin ɗalibansu. Wanda zai amfana shi ne irin ƙanwata, wanda ya gama ya fita, aka ƙi shi sau ɗaya, kuma babu likita a danginsa da zai gaya masa gaskiya. Da yau zan sake saye, ba zan ɗauki babban tsarin ba. Zan biya kuɗin zaman duba takardun farko, da zama ɗaya kafin jarrabawa, da gwajin intabiyu biyu, kuma kafin in sa hannu zan nemi a rubuta mini sunan wanda zai riƙe fayil ɗin daga farko har watan Yuni, tare da adadin kwanakin da ba za a wuce ba kafin a amsa saƙo.